Daga Garwa zuwa kujerar hagu: zaɓen hanyar tuƙin jirgin sama da riƙon littafin awanni

Duk shekara idan jirgin alhazai ya ɗaga daga filin Garwa, sai an sami yaro cikin 'yan rakiya da ya koma gida da magana ɗaya a bakinsa: shi matuƙin jirgi zai zama. Yawancinsu kafin alhazan su dawo sun manta. Amma akwai wanda abin ke kama shi da gaske, ya gama lise, wato sakandare, ya ci jarrabawar bak, har yanzu idonsa na sama. Ɗan yayana yana cikin irin waɗannan. Da ya zo ya durƙusa ya ce, "Baffa, ta ina ake farawa?" na ce masa ya zauna, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwa. Abin da na gaya masa ne nake shimfiɗawa a nan, ga duk wani yaro ko yarinya a Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusseri ko Injamena da ke da wannan buri.

A sana'ar nan ba a tambayar shekara nawa ka yi. Ana tambayar awa nawa gare ka, kuma awa irin wacce. Duk shawarar da za ka yanke, daga makarantar da za ka shiga har aikin farko da za ka karɓa, ka auna ta da abin da za ta rubuta a littafin awanninka.

Likita kafin kowa

Kada mahaifinka ya sayar da ko ɗan maraƙi kafin ka je gwajin lafiya na aji na ɗaya, wanda ake nema ga duk mai tuƙin haya. Ba kowane likita ke yin sa ba, sai wanda hukumar jiragen sama ta amince da shi: CCAA a Kamaru, ADAC a Cadi. Za a duba zuciya, hawan jini, sukari, ji da gani. Tabarau ba ya hana mutum tuƙi matuƙar yana gyara gani zuwa yadda ake so. Abin da ke kayar da mutane ba zato shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore, kuma da yawa ba su san suna da shi ba sai an buɗe musu littafin ɗigo-ɗigon nan mai lambobi a ɓoye. Takardar shekara ɗaya take yi, a sake. Idan shekaru sun ja, takan koma wata shida-shida. Ma'ana, har ka yi ritaya kana hannun likita, don haka wata sana'a ko digiri a gefe ba ɓata lokaci ba ne.

Turanci

Mu nan da Faransanci muka yi boko, kuma a hasumiyar kula da jirage ta Garwa ko Injamena za ka ji ana magana da shi. Sai dai ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce mai tuƙi tsakanin ƙasashe ya kai mataki na 4 cikin 6 a Turancin rediyo. Mai mataki na 4 ana sake gwada shi bayan 'yan shekaru, mai na 6 ya huta har abada. Littattafan jirgi, jarrabawa da hirar neman aiki, kusan duk da Turanci ne. Yaron da ya tashi yana jin Hausa, Fulatanci, Larabcin Shuwa da Faransanci ba zai gagara ƙara na biyar ba. Ya fara tun yana lise, kada ya bari sai ya isa makarantar da ake cajinsa kuɗi kan kowace awa, sannan ya tsaya yana cewa malam ya maimaita.

Tsanin lasisi

Matakan uku ne, kuma yarjejeniyar Chicago ta 1944 ce tushensu, shi ya sa suke kusan iri ɗaya a ko'ina.

Na farko PPL, lasisin tuƙa kai: shekara 17 da aƙalla awa 40, wasu ƙasashen 45. Ba a biyanka da shi. Na biyu CPL, lasisin haya: shekara 18 da awa 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas na makaranta da hukuma ta amince da shi. Na uku ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin, kumandan kamar yadda muke cewa, mai zama a kujerar hagu a babban jirgin fasinja: shekara 21 da awa 1,500. A tsakani akwai ƙarin shaidu da ake liƙa wa lasisi: tuƙi da na'urori kaɗai, tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya, horon aiki da abokin tuƙi, da shaidar nau'in jirgi, domin wanda ya iya Dash 8 ba shi da izinin taɓa Boeing 737 sai ya yi kwas ɗinsa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ɗaukar 1,500 ɗin nan kamar buhu ɗaya. Ba haka ba ne, buhuna ne cikin buhu. Dole a sami awa 200 na tafiya daga gari zuwa gari, awa 100 na dare, awa 75 na tuƙi da na'urori, da kuma awanni na jagoranci: ko 250 a matsayin shugaban jirgi, wanda wani ɓangare zai iya zama ƙarƙashin kulawar kyaftin, ko 500 duka ƙarƙashin kulawa. Abin da za a karɓa daga na'urar kwaikwayon tuƙi ba ya wuce awa 100. Mutum na iya tara awa 2,000 yana tashi da safe ya dawo kafin la'asar, ya zo neman ATPL a ce masa darensa bai cika ba.

Ina za a koya?

Yawancin yaranmu ƙetare suke fita. Mafi kusa da mu ita ce kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, ga Hausa ga abinci irin na gida. Akwai ta Ilori. Akwai makarantar kamfanin Ethiopian a Adis Ababa. Afirka ta Kudu na jan mutane saboda yawan makarantu da sararin sama mai kyau yawancin shekara. Faransa da sauran Turai sun fi tsada: cikakken kwas yakan kai Yuro dubu 60 zuwa sama, kuma da yake Yuro ɗaya sefa 656 ne, ka ga ana maganar miliyan 40 kafin a sa kuɗin ci da kwana. Wani gyara da nake yawan yi wa iyaye: makarantar EAMAC da ke Yamai, ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashenmu, ba matuƙa take horarwa ba, masu kula da zirga-zirgar sama ne da masu hasashen yanayi da injiniyoyin na'urori. Aiki ne mai kyau da albashi tsayayye, kuma wanda kuɗin tuƙi ya gagare shi bai kamata ya raina shi ba.

Kafin a biya ko sisi, a tambayi makaranta jirage nawa take da su masu tashi, ba masu kwana a rumfa ba, da malamai nawa ga ɗalibai nawa. A nemi ɗalibin da ya gama a ji wata nawa ya ɗauka. Kwas ɗin wata 18 da ya koma shekara uku ya cinye kuɗin haya da abinci da ba a lissafa ba. Kada a zuba kuɗin gaba ɗaya, a biya mataki-mataki, domin makarantu na rufewa da kuɗin mutane. Sannan a je hukumar gida a tambaya, tun kafin tafiya, me take buƙata don ta amince da lasisin ƙasar da za a je. Jirgi mai rajistar Kamaru lambarsa da TJ take farawa, na Cadi da TT, kuma ba ka tuƙa shi da lasisin waje sai hukumarsa ta tabbatar da lasisin ko ta musanya maka shi.

Hanyar soja ita ma hanya ce, ga sansanin sojan sama nan a Garwa. Gwamnati ke biyan horo, kai kuma ka biya da shekarun rayuwarka, sannan in ka fito sai an juya awanninka zuwa ma'aunin farar hula. Wanda ba ya son soja don kansa, kada ya shiga don jirgi.

Littafin

Ranar da za ka fara tashi da malami, ranar za ka buɗe littafin awanni, wanda masu Faransanci ke kira karne. Ka sayi mai bango mai ƙarfi, wanda tsarinsa ya dace da hukumar da za ta ba ka lasisi. Kowane tashi layi ɗaya: kwanan wata, nau'in jirgi, lambar rajista, inda aka tashi da inda aka sauka, lokacin fita da na tsayawa, sunan shugaban jirgi, yawan sauka, da matsayin da ka riƙe. Filaye da haruffa huɗu na ICAO ake rubuta su: Garwa FKKR, Marwa-Salak FKKL, Ngaundere FKKN, Injamena FTTJ, Duwala FKKD. Ba GOU ko NDJ da ke jikin tikiti ba.

Lokacin tashi ba daga barin ƙasa yake farawa ba. Yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya fara motsi da niyyar tashi, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cak a ƙarshen tafiya. Mintunan da ka yi kana gangarawa zuwa bakin titi, har da jiran izini, duk naka ne. Amma in ka tada inji ka matsar da jirgi daga rumfa zuwa wurin shan mai, wannan ba tashi ba ne, ba a rubuta shi. Agogon da ke cikin ƙananan jiragen makaranta, wanda ake cajinka da shi, yakan fara ƙirga ne tun daga tada inji, saboda haka ka tambayi malaminka wanne hukuma ke karɓa, ka tsaya a kansa.

Agogon littafi kuma agogon duniya ne, UTC. Kamaru da Cadi suna gaba da shi da awa ɗaya. Ka bar Garwa ƙarfe 5:40 na yamma, ka tsaya a Injamena 6:55, abin da za ka rubuta shi ne 16:40 da 17:55, awa ɗaya da minti 15. Jirgin da ya motsa ƙarfe 12:30 na dare a agogonmu, a littafi 23:30 ne na jiya, da kwanan watan jiya. Wannan ƙaramin abu yana haddasa saɓani da takardun kamfani fiye da yadda kake zato.

Ga wani rami da ya fi shi zurfi. Wasu littattafai da awa da minti suke lissafi, wasu da ɗigo. Awa ɗaya da minti 15 ba 1.15 ba ce, 1.25 ce. Kowane 0.1 minti shida ne. Na taɓa zama da wani matashi muna bin littafinsa layi-layi har dare ya raba, domin ya fara da tsarin minti a makaranta, ya koma tsarin ɗigo a wurin aiki ba tare da ya juya jimillar baya ba. Ba ƙarya ya yi ba, amma jimillarsa ta ƙi haɗuwa, kuma mai duba takarda ba ya ganin zuciya. Ka zaɓi tsari ɗaya. In dole ta sa ka sauya, ka ja layi, ka rubuta cewa daga nan ka sauya, ka nuna lissafin.

Dare ma yana da ma'anarsa. Ba faɗuwar rana ba ce. Yana farawa ne idan rana ta nutse digiri shida ƙarƙashin sararin ƙasa, ya ƙare idan ta dawo daidai nan da asuba. A yankinmu wannan bai fi minti 20 da 'yan kai ba bayan faɗuwarta, wato kusan lokacin da aka idar da magariba ana addu'a. A tafiyar Injamena da na kawo misali, in a watan Disamba ne, wani ɓangare rana ne, wani dare, kuma raba su za ka yi. Kada ka zuba duka a gidan dare na littafin don kana neman cika 100.

Haka batun na'urori. Tashi bisa ƙa'idar na'urori daban, tuƙi da na'urori kaɗai daban. Jirgin kamfani kusan kullum bisa ƙa'idar yake tafiya ko da sama tas take. Amma ranar da hazon hunturu ya rufe Marwa, ba ka ganin komai sai fari, kana bin allura har ƙasa ta bayyana, wannan shi ne tuƙi da na'urori na haƙiƙa. Hukumomi sun bambanta kan wanne gida ke ɗaukar wanne, don haka ka karanta ƙa'idar taka, kuma ka riƙe lissafin biyun daban-daban. Awannin na'urar kwaikwayo suna da shafinsu, ba a haɗa su da jimillar tashi.

Wane ne shugaba?

Nan ne ake gane mai gaskiya. Idan kana tare da malami yana koya maka, awar koyo ce, shi zai sa hannu. Idan ka tashi kai kaɗai, kai ne shugaba. Idan kana kujerar dama a jirgin da aka ƙera don matuƙa biyu, awar mataimaki ce kuma ana lissafa ta cikakkiya, ko da kai ka riƙe sitiyari daga tashi har sauka. Riƙe sitiyari ba ya mayar da kai shugaba. Shugaba shi ne wanda kamfani ya ɗora wa alhakin jirgin. Akwai matsayi na tsakiya, inda mataimaki ke gudanar da komai kamar shi ne kyaftin, kyaftin na kallo bai sa baki ba. Wannan ana rubuta shi a matsayin jagoranci ƙarƙashin kulawa, amma sai kamfani na da tsarin da hukuma ta yarda da shi, kuma sai kyaftin ya sa hannu a layin. Ka karɓi sa hannun a ranar. Kyaftin ɗin da kuka tashi tare bana, baɗi yana iya kasancewa a Lome ko Dubai.

A kula da ƙananan jirage irin Cessna Caravan, waɗanda aka ƙera don matuƙi ɗaya amma ake sa mutum biyu a ciki. A ƙa'idar ICAO, abin da ake lissafa wa mataimaki a irin wannan jirgi, idan zai nemi lasisi na gaba, zai iya tsayawa a rabi. In kuwa ba doka ce ta ce a sa shi ba, rakiya kawai ya yi, ƙila ba a lissafa masa komai. Ka tambayi wannan kafin ka karɓi aiki, ba bayan shekara biyu ba.

Don CPL akwai tafiya guda da ake nema a gani a rubuce: aƙalla kilomita 540 kana shugaba, da cikakkiyar sauka a filaye biyu daban. In da a gida za a yi ta, Garwa zuwa Ngaundere, zuwa Marwa, a dawo Garwa, ta haura haka da nisa. Ka rubuta hanyar dalla-dalla a gidan bayani.

Kuskure kuwa dole ne. Ka ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta daidai, ka sa hannu. Ban da farin ruwan gogewa, ban da fensir, ban da yage shafi. Ƙarshen kowane shafi ka haɗa jimilla, ka kai ta shafi na gaba, ka sa hannu. Duk lokacin da za ka bar makaranta ko kamfani, ka sa su buga hatimi su tabbatar da awanninka kafin ka fita ƙofa. Dalili a bayyane yake ga duk ɗan yankin nan: Air Afrique ta rufe a 2002, Cameroon Airlines ta bi ta a 2008, Tchadia da aka buɗe a 2018 ba ta yi shekara biyar ba. Kamfanin da ya mutu ba ya amsa wasiƙa.

Ƙarin awa na ƙarya, wanda wasu ke yi da biro a ɗaki, ba wayo ba ne. Kowane jirgi yana da nasa littafin, hasumiya tana da nata, kamfani yana da nasa, kuma ana gwada su. Sannan na'urar kwaikwayo ba ta karanta littafi: minti goma sun isa mai gwaji ya gane ko hannun nan ya yi awa dubu ko bai yi ba. A 2020, bayan faɗuwar jirgi a Karachi, ministan jiragen sama na Pakistan ya faɗa wa majalisa cewa lasisin matuƙa 262 cikin 860 na da shakku. Turai ta rufe wa kamfanin ƙasar ƙofa na shekaru, kuma masu gaskiya cikinsu sun sha wuya tare da marasa ita.

Manhajojin waya irin LogTen suna sauƙaƙa lissafi, suna raba dare da rana da kansu. Ka yi amfani da su, amma ka riƙe na takarda mai sa hannu da hatimi. Duk shafin da ya cika ka ɗauki hotonsa ka aika wa kanka ta imel. Gara, ɗigon rufi da ambaliyar kogin Logon ba su san darajar littafi ba.

Tsakanin 200 da 1,500

Wannan ne kwarin da ya fi cin mutane. Ka dawo da lasisi da awa 200, dangi sun yi walima, aiki kuma shiru. A Amurka, tun 2013, ba a ɗaukar mataimaki a kamfanin fasinja sai da ATPL, wanda ga yawancin mutane ke nufin awa 1,500. A nan Afirka da Turai ana iya ɗaukar mai 200 kai tsaye, in an sami gurbi. Gurbin ne ƙalilan: Camair-Co, da ta fara tashi a 2011, jiragenta ba su da yawa, ASKY na Lome, sai kamfanonin Najeriya da na haya.

Zaɓi uku ne a gabanka, kuma kowanne abin da yake rubutawa daban. Koyarwa tana ba da awannin shugabanci da yawa, amma a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya. Tuƙin daji, irin na jiragen agaji da ke zirga-zirga tsakanin Injamena, Abeche da sansanonin gabashin Cadi, ko masu kai ma'aikatan mai, yana koyar da hukunci: titin ƙasa, zafin Afrilu da ke rage wa inji ƙarfi, hadarin damina da ke tasowa ba sallama. Sai dai yawancin masu wannan aiki su ma suna neman mai ɗaruruwan awanni, kuma dare kaɗan ne a ciki. Kujerar dama a kamfani tana ba da awannin babban jirgi da na dare da na aiki da abokin tuƙi, amma gidan shugabanci zai daɗe a bushe. Ni a ganina, matashin da ya sami damar shekara biyu a daji ko a koyarwa kafin babban jirgi ya fi zama kyaftin mai natsuwa, ko da abokansa sun riga shi sa kwat. Amma wanda bashi ke kansa ba ya zaɓe, abin da ya zo shi zai kama.

Abu ɗaya da zan hana ɗana: biyan kamfani kuɗi don ya bar shi ya tuƙa fasinja ya tara awa. Biyan kuɗin shaidar nau'in jirgi ma sai da takardar ɗaukar aiki a hannu, domin a hukumomi da yawa shaidar shekara ɗaya take yi, in ba ka tashi da ita ba ta mutu da miliyoyinka. Idan kamfani ne ya biya, zai ɗaure ka da yarjejeniyar shekaru. Ka karanta nawa za ka mayar in ka tafi, da abin da zai faru in su ne suka daina biyan albashi.

Yayin jira, kada ka bar littafi ya yi sanyi. Ba a ɗaukar fasinja sai mutum ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce, kuma mai ɗaukar aiki shafin ƙarshe yake fara buɗewa ya ga yaushe rabonka da sama. Ko awa ɗaya ce a wata, ka nemi kuɗinta. Ranar hira ka tafi da littattafan duka na asali, da takarda guda da ta taƙaita jimilla gida-gida: duka, shugabanci, mataimaki, dare, na'urori, inji biyu, da kowane nau'in jirgi. Ka tabbata lambar da ke takardar ita ce ke shafin ƙarshe na littafi, ita ce kuma ka cika a fom ɗinsu, har zuwa minti.